Ringin Fistin: Aikin da Ba a Yi da Ido Kaɗai



Da zarar damina ta ɗauke aka shiga noman rani, ƙarar injin ban ruwa ce ke cika fadamu, daga Kura da Kadawa a jihar Kano zuwa kwarin Haɗeja, daga bakin gulbin Rima zuwa gonakin albasa na yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar. A daidai wannan lokaci ne kuma rumfunan kanikawa ke cika da injunan da suka gaji. Wani yana turnuƙe gona da shuɗin hayaƙi, wani yana shanye baƙin mai kafin la'asar, wani kuwa sai an ja igiya har kafaɗa ta ƙage kafin ya tashi. Hukuncin da mai inji ya fi ji daga bakin bakanike guda ɗaya ne: "Malam, sai an canza ringi."

A canza ɗin, a biya kuɗin kaya da na aiki, manomi ya ɗaure injinsa a bayan babur ya koma gona. Sai kuma kafin tumatir ya nuna, hayaƙin ya dawo. Nan take laifi ya faɗa kan mai shagon kayan gyara, a ce ya sayar da jabu. Wani lokaci gaskiya ne, jabun na nan a kasuwa. Amma sau da yawa ringin lafiyarsa ƙalau, hannun da ya saka shi ne ya kife shi, ko ya saka shi ba tare da awo ba, ko ya zura shi cikin silindar da ta riga ta cinye. Garambawul ɗin inji yana da matakai da yawa, sai dai babu inda ƙaramin kuskure ke jawo babbar asara kamar wajen waɗannan siraran ƙarafa uku da ke kewaye da fistin.

Kafin ma a kwance noti ko ɗaya, akwai tambayar da ta kamata a amsa: shin ringin ne da gaske? Launin hayaƙi na ba da labari. Baƙin hayaƙi a injin fetur yana nufin fetur ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, wato a duba kafireta da matatar iska. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa a motar da ke da lagireto yana nuna ruwa na shiga inda wuta ke ci. Shuɗin hayaƙi shi ne na baƙin mai da ke ƙonewa, kuma ko shi ɗin yana da hanya biyu. Man na iya haurowa daga ƙasa ta gefen ringi, yana kuma iya zurarowa daga sama ta wuyan bawul idan robar da ke tare shi ta mutu. Motar da ke busa shuɗi da sassafe, sa'an nan ta daina bayan ta ɗumama, ta fi kama da mai matsalar bawul. Wadda ke busawa duk lokacin da aka taka totur, tana kuma hura iska da tururin mai ta murfin juye, ita ce ke nuna ringi. Gwajin da ke raba gardama mai sauƙi ne. A cire fulogi a auna ƙarfin matsin silinda da agogon awo, sa'an nan a ɗiga ɗan mai kaɗan ta ramin fulogin a sake aunawa. Idan matsin ya tashi sosai, man ne ya toshe ɓarakar da ke gefen ringi na ɗan lokaci. Idan bai motsa ba, a nemi matsalar a bawul ko gasket. Injuna da yawa an sauke su a banza saboda tsallake wannan gwaji na 'yan mintuna.

Shi dai ringi a siffarsa ta yau ya girmi mota. Wani injiniyan jirgin ƙasa ɗan Ingila, John Ramsbottom, shi ne ya fito da shi a shekarar 1852, a zamanin da injunan tururi ke jan taragai. A injunan farko, da zaren igiya ake cusa gefen fistin don hana tururi tserewa. Dabarar Ramsbottom ita ce a ƙera zoben ƙarfe da ya ɗan fi ramin silinda faɗi, a yanke shi a wuri ɗaya, ta yadda idan aka matse shi aka zura, shi da kansa zai riƙa buɗewa yana manne wa bango. Fiye da shekara 170 ke nan, kuma daga tirela har janareto dabarar ba ta canza ba.

Aikin da aka ɗora masa kuwa ba ƙarami ba ne. Shi ke tare ƙarfin fashewar fetur kada ya zurare ƙasa. Shi ke kwashe mafi yawan zafin fistin ya miƙa wa bangon silinda. Shi ke kuma shafa wa bangon mai daidai gwargwado, ya kankare ragowar ya mayar da shi ƙasa. A ɗauki injin Honda GX160, wanda shi da takwarorinsa na ƙasar Sin masu lamba 168F suka cika fadamunmu. Faɗin silindarsa milimita 68 ne, kuma yana juyawa har sau 3,600 a minti ɗaya. Ma'ana fistin na hawa da sauka sau 60 a kowace daƙiƙa, wuta na tashi a kansa sau 30. Idan manomi ya bar shi yana aiki awa takwas a wannan gudu, ringin ya yi zirga-zirga sama da sau miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai a wuni guda. Duk man da ke cikin injin kuwa bai wuce rabin lita da ɗan ɗori ba, don haka ringin da ke barin mai na wucewa zai iya busar da shi kafin mai shi ya ankara.

To, yaya ake gane kowanne daga cikin ringin nan uku? Idan aka buɗe kwali, ringin farko da na biyu kan yi kama da juna har yaron da ke koyon aiki ya ɗauka tagwaye ne. Ba tagwaye ba ne. Na farko, wanda ke zama a tsagin da ya fi kusa da kan fistin, shi ke fuskantar wuta kai tsaye. Saboda haka galibi ana lulluɓe fuskarsa ta waje, wadda ke gogar silinda, da ƙarfe mai tauri irin su kurom, shi ya sa idan aka juya shi a haske gefensa ke walƙiya fari. Fuskar tasa kan ɗan yi tudu a tsakiya, ta yadda ko fistin ya ɗan karkata ringin ba ya rabuwa da bango.

Na biyu ya fi duhu, yawanci baƙin ƙarfen zubi ne ba tare da wannan ƙyalli ba. Mutane na ɗaukarsa mataimakin na farko wajen riƙe matsi, kuma yana yin hakan, amma babban aikinsa kankare mai ne. An fere fuskarsa a karkace, ƙasanta ya fi samanta fitowa, karkatar da ido ba ya cika gani sai an jingina shi da wani abu miƙaƙƙe an hanga a haske. A wasu injunan kuma an yi masa ɗan tsagi ko ƙugiya a gefen ƙasa ta waje. Aikinsa irin na fartanya ne: idan aka ja ta sai ta kankare ƙasa, idan aka mayar da ita sai ta zame a kai. Lokacin da fistin ke hawa, ringin na zamewa a kan mai. Lokacin da yake sauka, bakinsa mai kaifi na share man ya yi ƙasa da shi. Yanzu a kife shi. Duk hawan da fistin zai yi, ringin zai riƙa tura mai sama zuwa inda wuta take. Injin da aka gama yi wa garambawul jiya zai tashi yau yana hayaƙi fiye da yadda aka kawo shi, fulogi ya jiƙe, kan fistin ya cika da kunkunniya, kuma babu daɗewar aiki da za ta gyara shi. Sai an sake kwancewa.

Na uku shi ne ringin mai, kuma ba a rikita shi da sauran. A wasu ƙananan injuna guda ɗaya ne mai kauri da ramuka a jikinsa. A manyan injunan gas yakan zo da siririn sifirin a naɗe ta cikinsa. A yawancin motocin fetur da babura kuwa gida uku ne: siraran faifai biyu, da wani ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke zama tsakaninsu yana tura su waje.

Kamfanonin da ke ƙera ringi sun san ido na iya yaudara, shi ya sa suke sa alama. Kusa da inda aka yanke ringin, a ɗaya daga cikin fuskokinsa biyu, za a ga ɗigo, ko harafi irin su R ko N ko T, ko lamba, ko kalmar TOP. Ƙa'idar guda ɗaya ce: fuskar da ke da alama ita ke kallon sama, wajen kan fistin. Alamar ƙarama ce ƙwarai, kuma man da ake shafa wa sabon ringi don hana tsatsa na iya rufe ta. Bakaniken kirki yakan goge ringin da tsumma mai tsabta, ya fito da shi daga inuwar rumfa zuwa hasken rana ya duba. Idan babu alama sai a koma ga siffa. Ringin da ke da tsagi ta waje, tsagin na kallon ƙasa. Ringin farko da aka fere wa kusurwa ta ciki, a mafi yawan lokuta feriyar na kallon sama, alhali a ringi na biyu irin wannan feriya ta ciki takan kalli ƙasa. Wanda ba shi da alama kuma fuskokinsa biyu iri ɗaya ne, ana iya saka shi ta kowane gefe. Da yake kamfanoni na bambanta, takardar da ke cikin kwali ko zanen da ke bayansa sun fi kowace al'ada ƙarfi. Abin takaici ne yadda ake yaga kwalin a jefar tun a bakin shago, a zuba ringin a aljihu tare da goro da canji. Wasu kamfanonin ma sun naɗe kowane ringi a takardarsa da lamba 1 da 2 da 3, aiki ya zo da sauƙi, amma a cakuɗa su kafin a iso gareji.

Akwai wata dabara da tsofaffin kanikawa ke koya wa yaransu, kuma ta cancanci yabo. Yayin cire tsoffin ringi, a jera su a kan allo yadda suka fito, na sama a sama, fuskar sama na kallon sama. Su ne madubin da za a gwada sababbin da shi, muddin wanda ya yi aikin baya bai kife su ba.

Sai maganar girma. Duk wanda ya shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman ringi zai ji tambayar mai shago: "Oga, na asali ko na ƙari?" Na asali shi ne na silindar da ba a taɓa faɗaɗawa ba, ana rubuta masa STD. Na ƙari kuwa ana yin su ne hawa-hawa, ƙarin milimita 0.25 da 0.50 da 0.75 har zuwa 1.00, don silindar da aka kai wurin masu borin suka faɗaɗa ta. Lambar kan kasance a buge a kan fistin, a ƙarƙashin kunkunniya, sai an kankare ake ganinta. A nan ne wata mummunar al'ada ta samu gindin zama. Silinda ta cinye, mai inji ba ya son kuɗin borin da sabon fistin, sai a sayo ringin 0.25 a goge bakinsa a cusa a tsohon rami, a ce ai zai cike gurbin. Ba zai cike ba. Silinda ba ta cinyewa daidai wa daida. Ta fi cinyewa a sama inda zafi da matsi suka fi yawa, kuma ta fi cinyewa ta ɓangarori biyun da fistin ke jingina, har ramin ya tashi daga da'ira ya koma siffar ƙwai. Ringin da aka ƙera don wata da'ira daban zai taɓa bango a wasu wurare ya bar haske a wasu. Araha ba ta ado, kuma wannan arahar ba ta kai ƙarshen kakar noma.

Saboda haka silindar ce ake fara yi wa hukunci. A sa farce a samanta, daidai inda ringin farko ke tsayawa ya juya. Idan farce ya maƙale a wata 'yar gaɓa, ramin ya ci sosai. Wannan gaɓa maƙiyiyar sabon ringi ce, domin tsohon ya goge kusurwarsa ya saba da ita, sabon kuwa da kaifinsa zai zo ya riƙa dukanta har ya karye ko ya fasa dandamalin fistin da ke ƙarƙashinsa. Idan akwai zurfafan zane daga sama zuwa ƙasa, ko awo ya nuna an wuce iyakar da littafin injin ya gindaya, maganin shi ne borin da sabon fistin da ringinsa. Masu tsohuwar Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗa motocin kamfaninta a Kaduna a 1975, sun samu sauƙi ta nan, domin hannun silindar injinta cirewa ake yi a sa sabo, ana kuma sayar da shi tare da fistin da ringi a haɗe.

Idan kuwa silindar na da sauran rai, ba a barinta da santsin da ta yi. Bangon da ya yi shekaru yana aiki yakan yi sumul yana ƙyalli, kuma irin wannan bango ba ya riƙe mai, ba ya kuma barin sabon ringi ya zauna. Ana gurza shi da dutsen honin, ana hawa da sauka yayin da yake juyawa, har siraran layuka su fito suna gicciye juna a karkace. A cikin waɗannan layuka mai ke kwanciya. Bayan nan sai wanki, kuma a nan ma ana yawan kuskure. Fetur da kananzir ba sa fitar da garin dutse daga cikin layukan. Ruwan zafi da sabulu da buroshi ne ke fitar da shi. A wanke, a busar, a shafa mai nan take don gudun tsatsa, sa'an nan a goga farin tsumma. Idan ya fito da toka-toka, wankin bai yi ba, kuma wannan garin da ya rage zai cinye sabon ringi cikin 'yan kwanaki.

Yanzu ga awon da ya fi kowanne muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa, wato giɓin da ke tsakanin bakunan ringi biyu idan yana cikin silinda. Dalilin giɓin lissafi ne tsantsa. Ƙarfe na miƙewa idan ya yi zafi. Kewayen ringin injin mai faɗin milimita 68 ya kai kimanin milimita 214, kuma idan ya fi bangon silinda zafi da digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, zai ƙara tsawon da ya haura milimita 0.2. Idan ba a bar masa wurin miƙewa ba, bakunansa za su haɗe, ya rasa inda zai je sai ya turje wa bango. Daga nan sai ya yage silinda, ko ya karye, ko ya tsinke kan fistin, inji ya kame a tsakiyar aiki. Idan kuma giɓin ya yi yawa, matsi ya zurare, ƙarfi ya ragu, mai ya yi baƙi da wuri. Tsakanin biyun, ƙarancin giɓi ya fi haɗari nesa ba kusa ba.

Yadda ake awon ba wuya. A zura ringi shi kaɗai cikin silinda, a juya fistin a tura shi da kansa don ringin ya zauna daidai ba a karkace ba, a kai shi can ƙasa inda ramin bai cinye ba, domin nan ne ya fi matsewa. Sai a ɗauko ma'aunin rata, wannan mai siraran ƙarafa da lamba a jikin kowanne, wanda ake gyara bawul da shi, a gwada wanda ke shiga giɓin da ɗan ja. Ga injin GX160, abin da ake nema a ringin farko da na biyu yana tsakanin milimita 0.2 da 0.4, kuma wanda ya kai milimita 1 ya gama aiki. In babu littafi a kusa, ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a ninka faɗin silinda da 0.004. Mai faɗin 68 zai ba da kusan 0.27, injin 504 mai faɗin 88 zai ba da kusan 0.35. Idan giɓin ya gaza, ana rage bakin ringi da lallausan magagari, kaɗan-kaɗan, daga waje zuwa ciki don kada lulluɓin fuskarsa ya ɓantare, ana yi ana sake aunawa, a kuma goge kaifin da ya tashi. Idan sabon ringi ya ba da giɓi mai yawa, shaida ce cewa ko an sayo wanda ba nasa ba, ko ramin ya faɗaɗa, domin duk ƙarin 0.01 a faɗin silinda yana ƙara wa giɓi kusan 0.03. A injin da ke da silinda huɗu, kowane ringi ana auna shi ne a ramin da zai zauna, a kuma ajiye shi daban.

Tsagin fistin ma yana da hakkinsa. Kunkunniyar da ta daskare a ƙasansa za ta hana sabon ringi nutsewa, don haka ana kankare ta da guntun tsohon ringi, a hankali, ba tare da an ci jikin fistin ba. Ƙananan ramukan da ke bayan ringin mai a buɗe su, domin ta nan man da aka share ke komawa. Sai a mirgina sabon ringi a cikin tsagin ya zagaye, a tabbatar ba ya maƙalewa, a kuma auna ratar da ke samansa. Tsagin da ya buɗe yakan bar ringi yana kaɗawa sama da ƙasa yana tura mai, kuma fistin mai irin wannan tsagi canza shi ake yi.

Wajen sakawa daga ƙasa ake farawa. Ringin mai mai gida uku, ƙarfen tsakiya ne ke fara shiga, kuma bakunansa biyu haɗuwa suke yi gaba da gaba, ba sa hawa kan juna. Wasu kamfanoni na shafa musu fenti kala biyu, in an gama dole a ga kalolin duka. Sai faifan biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, su kam ana iya murɗa su a hankali su shiga. Ringi na biyu da na farko ba a murɗa su. Murɗawa na karkatar da su ta yadda ba za su ƙara kwanciya daidai ba, buɗewa fiye da kima kuma na karya su, domin ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsinkewa yake yi. Akwai filaya ta musamman da ke buɗe su daidai yadda za su wuce kan fistin. Na biyu ya fara shiga, na farko ya biyo baya, alama na sama. Daga nan a rarraba giɓoɓin, kowanne ya kalli nasa ɓangare da tazarar kusan digiri 120, kada wani ya tsaya saitin fil ɗin fistin, faifan ringin mai su ma a raba bakunansu. Gaskiya ne ringi na juyawa da kansa idan inji na aiki, amma tashin farko da giɓoɓi a jere hanya ce a buɗe ga matsi da mai.

Sai a shafa mai mai tsabta a fistin da ringi da silinda, a duba alamar da ke kan fistin, kibiya ce ko rubutu, a fuskantar da ita inda littafi ya ce. A ɗaure ringin da maɗaurin ƙarfe da aka yi don wannan aiki, a riƙa tura fistin da ƙotar guduma ta katako. Idan ya tsaya, a tsaya. Tsayawar na nufin wani ringi ya kuɓuce ya hau bakin silinda, kuma bugu ɗaya na ƙarfi ya isa ya karya shi a ciki ba tare da kowa ya sani ba. Masu danna ringi da bakin sukudireba suna zane fistin, suna kuma ɓantare fuskar da aka biya kuɗi dominta. Bayan an ɗaure komai, a juya injin da hannu a ji yana tafiya ba tare da cijewa ba.

Ƙananan janaretocin nan da ake haɗa musu fetur da mai a tanki ɗaya, irin su Tiger, dokarsu daban ce. Ba su da ringin mai, kuma a cikin kowane tsagi akwai ɗan ƙaramin fil da ke hana ringi juyawa. Dole bakunan ringin su rungumi wannan fil, domin bangon silindarsu na da tagogin shigar mai da fitar hayaƙi, kuma bakin ringin da ya faɗa taga karyewa zai yi. Wanda ya rarraba giɓi a irin wannan inji yadda ya saba a babur Boxer ko Adaidaita Sahu, ya kuma tura fistin da ƙarfi, ya gama da ringin kafin a ja igiya.

Ragowar aikin na hannun mai inji. Sabon ringi na buƙatar ya goga da bango har su saba, kuma matsin wuta ne ke tura shi ya manne. Barin inji yana ta kaɗawa a sulo awa da awanni da sunan lallashi na sa bango ya sake yin santsi kafin ringin ya zauna. Ɗora masa cikakken kaya tun ranar farko kuma na sa shi zafi fiye da kima. Matsakaicin aiki ake so, ana sauya gudu, sa'an nan a yi juye da wuri. Kamfanin Honda ya sa juyen farko na sabon injin GX bayan awa 20 na aiki, kuma injin da aka yi wa garambawul ya cancanci irin wannan kulawa. Sai ƙura. A ƙasar da hunturu ke kwaso ƙurar Sahara ya baza ta wata da watanni, injin da ke aiki babu soson matatar iska, ko da soson da ya yage, yana shaƙar yashi ne kai tsaye zuwa kan ringi. Sau da yawa abin da ya kashe tsohon ringin ke nan tun farko, kuma idan aka mayar da injin gona a haka, sabon ma hanyar zai bi.

Kira ga iyayen gida a gareji: yaron da aka ba amanar saka ringi a nuna masa alama, a nuna masa bambancin na farko da na biyu, a sa ma'aunin rata a hannunsa tun kafin a ba shi guduma. Ma'aunin nan kuɗinsa bai kai na sake sauke inji sau ɗaya ba. Ku kuma manoma da direbobi da masu babura, idan aka ce muku sai an canza ringi, ku nemi a gwada matsi a gabanku, ku nemi ganin cikin silinda, ku tambayi bakanike nawa giɓin ya ba da. Wanda ya auna zai faɗa muku lamba. Wanda ya ce ya duba da ido ya ga daidai ne, ku roƙe shi ya auna kafin ya rufe injin.